Kafin Ɗanki Ya Riƙe Sitiyari: Ya Iya Ɗaure Kaya Kuwa?



Yau za mu bar zancen kicin da na awon ciki, mu leƙa tashar manyan motoci. Kada ki ce babu ruwanki. In maigida ba direba ba ne, wataƙila ƙaninki ne ko ɗan yayarki. In kuma ba ki da kowa a harkar, ai yaranki suna bi ta gefen tirela a hanyar makaranta, ke ma kin sha zama cikin adaidaita sahu a bayan wata daf da aka yi wa lodi har ya wuce bodi, kina kallon buhuna suna rangaji kina ta salati. Abin da ya raba ki da waɗannan buhuna igiya ce, da ƙullin da wani yaro ya yi mata da asuba a tasha.

A gidaje da yawa, idan saurayi ya gama sakandare aiki bai samu ba, ko ya dawo daga karatun allo, akan haɗa shi da wani direba ya zama yaron mota. Sana'a ce mai rufin asiri, ta gina gidaje, ta aurar da 'ya'ya, ta kai mutane Makka. Uwa takan tambayi abu biyu: yaya halin ogan, kuma yaushe yaron zai fara tuƙi. Akwai tambaya ta uku da nake so ki riƙa yi: wa zai koya masa ɗaurin kaya, kuma ta yaya?

Dalilina shi ne, a aikina na jinya na lura cewa yaran mota da ake kawo mana ɗakin gaggawa, da yawansu ba karo suka yi ba. Motar ma a tsaye take lokacin da abin ya same su. Wani ya faɗo daga saman kaya, wani igiya ta cinye masa tafin hannu, wani ƙugiya ta dawo masa a fuska. Duk raunukan ɗaurin kaya ne, kuma mafi yawansu ilimi na iya hana su.

Nauyi ba ya riƙe kaya

Akwai maganar da ke yawo a tasha, wai kaya mai nauyi shi ke riƙe kansa. Ki tuna abin da ke faruwa da ke idan direban bas ya taka birki ba shiri: mota ta tsaya, ke kuma jikinki ya ci gaba da tafiya har ki bugi kujerar gaba. Mai jiki da siririya duk haka za su yi, sai dai mai jiki ta fi buguwa da ƙarfi. Haka kaya yake. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kayan da ke bayanta ma da wannan gudun suke tafiya, kuma su ba su da birki.

Masana harkar sufuri sun auna wannan. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen Turai da Amurka ta ce dole ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan ya yunƙura gaba, da kashi 50 cikin 100 idan ya yi gefe ko baya. Mu sa shi a lissafin da muka sani. Tirela mai buhun siminti 600, kowanne kilo 50, tana ɗauke da tan 30. Idan aka taka birki mai tsanani, ƙarfin da ya kai tan 24 ne zai tunkuɗo gaba, wato wajen da direba da yaronsa suke zaune. A kwana kuma tan 15 ne zai tura gefe, wajen da mai babur da 'yan talla suke. Buhun masara guda mai kilo 100 da aka ɗora a sama ba ɗauri, shi kaɗai ya isa ya karya wuyan mutum.

Mun ga misalin da ya girgiza ƙasa a watan Janairun 2023, lokacin da kwantena ta kifo kan wata ƙaramar bas a gadar Ojuelegba da ke Legas, mutum tara suka rasu, ciki har da yara biyu. Kwantena tana da ramuka a kusurwoyinta huɗu, akwai kuma makullan ƙarfe a jikin tirela da ake murɗawa su kama ta. Aikin 'yan mintoci ne. Amma har yau za ki ga kwantena a titi an ɗora ta kawai, wata ma ko sarƙa babu.

Lodi ne farkon ɗauri

Tsofaffin direbobi sun san cewa kayan da aka yi wa mugun lodi, ko igiya ɗari aka sa masa ba zai zauna ba. Saboda haka darasin farko yana farawa tun 'yan dako ba su ɗora buhun farko ba.

Ana share bodi, domin ƙasa ko tsakuwa ko zubabben mai suna sa kaya santsi. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. A raba nauyin daidai tsakanin dama da hagu, kada kuma a tara shi duka a wutsiyar mota. A jingina kaya da bangon gaba na bodi, kada a bar fili tsakaninsu, domin filin nan shi ke ba kaya damar ɗaukar gudu kafin ya daki bango. Inda gurbi ya rage a cike shi da katako ko wani abin tokare. Buhuna kuma ana jera su ne kamar ginin bulo, sahun sama yana danne mahaɗar sahun ƙasa, yadda za su riƙe juna.

Kowane kaya da halinsa. Hatsin da ake lodawa a Dawanau yana sassaɓewa a cikin buhu idan mota ta sha gargada, sai tsawon lodin ya ragu, igiya ta yi sako-sako. Albasar Aliero tana son iska, ba a matse ta kamar siminti. Kwandunan tumatir da ke tashi daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, in an ja igiya da yawa a kansu a farfasa kayan mutane, in an sassauta su zube, don haka akan sa katako a tsakanin sahu domin shi ya ɗauki matsin. Rodi da bututun ƙarfe su ne mafi haɗari, domin suna zamewa a kan juna, kuma idan babu bango mai ƙarfi a gabansu suna iya huda kan mota kamar mashi. Durom da duk abin da ke gangarawa sai an tokare shi kafin a ɗaure. Abin da ya zarce bayan mota kuma a rataya masa jan ƙyalle.

Sai batun tsawo. Duk yadda lodi ya ƙara tashi sama, haka motar ke ƙara saurin kifewa a kwana. Buhu ashirin ɗin da ake ƙarawa a sama don a samu na cefane, su ne sukan kayar da sauran ɗari biyar ɗin.

Ƙulli huɗu da ya kamata ya iya ko ido a rufe

Ke da kike ɗaure ɗankwali, kike ƙulle kuɗi a bakin zani, kike ɗaure bakin buhu, kin san ƙulli iri-iri ne. Mu ma a asibiti ana koya mana shi, domin ƙullin ɗinkin rauni ko na cibiyar jariri idan ya kwance, jini ne zai biyo baya. Ƙulli mai kyau a harkar mota yana da sharaɗi uku: ya riƙe idan an ja, kada girgiza ta kwance shi, kuma ya kwantu cikin sauƙi idan an isa, ba sai an sa wuƙa ba. Bari mu kira kowanne da aikinsa.

Na farko, ƙullin mafari. Shi ne ake kama bakin igiya da shi a ƙugiya ko ƙarfen gefen bodi. Ana zagaya ƙarfen sau biyu, sannan a yi ƙananan ƙulli biyu a jikin igiyar kanta. Zagayen nan biyu su ke ɗaukar nauyi, ƙananan ƙullin kuma su hana shi warwarewa.

Na biyu, zoben da ba ya zargewa. Kin san zarge, irin wanda ke ƙara shaƙewa idan an ja. Wannan kishiyarsa ne: zobe ne da girmansa ba ya canzawa kome nauyin da ya hau shi, kuma yana kwantuwa bayan an gama. Matuƙa jiragen ruwa da masu aikin ceto sun daɗe da dogara da shi.

Na uku shi ne sarkinsu, ƙullin ja, wanda direbobin Ingila ke kira doli. An kama igiya a gefe ɗaya, an jefa ta ta saman kaya. A ɗaya gefen, sama da ƙugiya da kamar kamu biyu, sai a yi ɗan zobe a jikin igiyar. A sauko da ragowar igiyar a zagaya ƙugiya, a koma sama a zura ta cikin zoben, sannan a ja ƙasa. Abin da ya faru shi ne igiyar ta zama kamar ƙarfen jan guga da ake kafawa a bakin rijiya. A lissafi tana ninka ƙarfin mai ja har sau uku, ko da yake gogayyar igiya da igiya tana cinye wani kaso. Shi ya sa za ki ga dattijon direba siriri ya ɗaure kaya tamau, saurayi ƙaƙƙarfa kuma ya yi ta gumi kayansa na rawa. Bayan an ja, sai a danne da yatsa a kulle da ƙananan ƙulli biyu, a naɗe ragowar igiyar kada ta yi ta lilo har ta shiga taya ko ta fizgo mai babur.

Na huɗu, ƙullin haɗi, na haɗa igiya biyu idan ɗaya ta gaza, musamman in kaurinsu ya bambanta. A nan ne yara suka fi kuskure, domin sukan yi irin ƙullin da muke ɗaure bandeji ko bakin zani da shi. Wancan yana da kyau a kan ƙyalle, amma idan aka haɗa igiya biyu da shi nauyi ya hau, yana iya juyewa ya zame gaba ɗaya.

Abu ɗaya da ya kamata kowane yaron mota ya haddace: kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani har kusan rabi, domin a wurin lanƙwasar nan zaren waje ke ɗaukar wahalar duka. Igiyar da ta cika da ƙulle-ƙullen gyara ta gama aiki, ko da a ido tana da kauri. Kuma kada a ɗaure lodi duka da doguwar igiya ɗaya da ke zuwa tana dawowa ba tare da an kulle kowane zagaye ba. In ta tsinke a wuri ɗaya, duka ta saki.

Igiya, bel da sarƙa

Igiyar rama da ta kaba suna ruɓewa idan sun sha ruwa aka ajiye su a jiƙe, kuma sukan ɗaure tamau da damshi su saki idan sun bushe. Ta nailan tana miƙewa. Ta leda rana ke cin ta, har ki ga tana fitar da gari idan an murza. Ruwan batir, man fetur da kaifin ƙarfe duk maƙiyan igiya ne. Inda za ta bi ta kan kaifi, a sa mata tsohuwar roba ko kwali mai kauri a tsakani. Robar tsohon tif da ake yankawa tana da amfani wajen kama bakin tamfol, amma ba abin ɗaure kaya ba ce.

Yanzu bel mai ƙarfen matsewa ya yawaita, kuma ya fi igiya tabbas a kan kaya masu nauyi, saboda yana zuwa da ɗan ƙyalle a jikinsa da aka rubuta iyakar nauyin da zai iya ɗauka. Yaron da ya iya karanta wannan ƙyallen ya fi wanda ke ƙiyasi da ido. Ba a ƙulla bel, ba a amfani da wanda gefensa ya yage ko ɗinkinsa ya fara saki, ba a kuma ƙara wa hannun ƙarfen bututu don a matse fiye da ƙima. Bel ya fi danne kaya idan ya sauko a miƙe daga sama zuwa ƙasa. In ya kwanta sosai, dannawarsa kaɗan ce kome matsewar da aka yi. Injuna, manyan ƙarafa da gungumen itace kuwa aikin sarƙa ne, kuma a jikin zoben ƙarfe ko gangar motar ake kama ta, domin ƙananan ƙugiyoyin gefen bodi ba a yi su don irin wannan nauyi ba.

Tamfol fa? Aikinsa kare kaya daga ruwa da ƙura. Kaya a ɗaure yake kafin a rufa shi. In tamfol biyu ne, ana fara shimfiɗa na baya, sannan na gaba ya hau kansa, domin kada iska ta samu bakin shiga ta kumbura shi.

Darasin goyo

Wannan ɓangaren ke kika fi kowa saninsa. Kin goya yaro, kin ɗaure zani, kin sa majanyi, kin ji ya zauna daram. Kafin ki kai bakin titi ya ɗan zame, sai ki tsaya ki sunkuya ki gyara. Ba don kin yi ɗaurin banza ba, tafiya ce ke sassauta ɗauri.

Kaya ma haka. Cikin tafiyar farko ne buhuna ke zama, igiya ta miƙe, katako ya lotsa. A Amurka doka ce: direban babbar mota ya tsaya ya duba ɗaurinsa cikin kilomita 80 na farko, sannan ya sake dubawa duk bayan awa 3 ko kilomita 240, duk wanda ya riga zuwa. In a kan titunansu masu santsi ana buƙatar haka, ina ga hanyar da ta tashi daga Kano ta bi Zariya da Kaduna, ta gangara Mokwa da Jebba da Ilori har Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 mai cike da ramuka? Direban kirki yakan tsaya tun kafin ya yi nisa da gari, ya zagaya motar yana taɓa kowace igiya. Haka zai yi a Mararrabar Jos ko Tafa idan an tsaya cin abinci da salla, haka bayan ruwan sama, bayan birki mai tsanani, da bayan an sauke wani ɓangare na kayan a hanya.

Hausawa na cewa kaya ya tsinke a gindin kaba idan matsala ta zo a inda maganinta yake. A kan kwalta babu kaba. Inda kaya ya tsinke, mutane ne a wurin.

Abin da ke kawo su asibiti

Faɗowa daga saman lodi ita ce babba. Tsawon lodin tirela yakan kai mita 4, yaro kuma ya hau da silifas, da raɓa ko ruwan sama a kan tamfol, yana ja da baya yana jan igiya. In igiyar ta tsinke ko ƙulli ya zame, da ƙeya zai sauka. Ƙa'idar hawa da sauka ita ce kullum gaɓoɓi uku su kasance a riƙe, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, fuska na kallon mota. Ba a dirowa. Kuma kafin ya miƙe tsaye a sama, ya ɗaga kai ya duba wayar lantarki.

Sai hannu. Yara suna son naɗa igiya a tafin hannu don su ji daɗin ja. Idan kaya ya motsa, igiyar nan za ta shaƙe yatsu ko ta zare da gudu ta ɗebe fata. Sai kuma zobe. Zoben azurfan nan da samari ke ƙauna, idan ya maƙale a ƙugiya ko ƙusa lokacin da mutum ke dirowa, nauyin jikinsa gaba ɗaya zai rataya a yatsa ɗaya, ya saɓule naman kamar an cire safa. Rauni ne mai wuyar gyara, sau da yawa yatsar ba ta tsira. Ki ce masa ya cire zobe ya sa a aljihu kafin ya taɓa igiya.

Sai ido da fuska. Roba ko bel da aka ja ya kuɓuce yana dawowa da ƙarfin gaske. Wanda zai jefa igiya mai ƙugiya ta saman kaya kuma ya yi magana da ƙarfi tukuna, ya tabbatar babu kowa a ɗaya gefen. Lokacin kwance kaya ma akwai haɗari: in lodi ya karkata a hanya, igiyar ce kaɗai ke riƙe da shi, wanda ya kwance ta yana tsaye a ƙarƙashi shi zai fara karɓar buhun. A duba tukuna, a tsaya a gefe, a sassauta a hankali.

Safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe mai kama ƙasa ba su kai kuɗin ɗinkin rauni ɗaya ba. In za ki yi wa ɗanki sayayyar fara aiki, ki fara da su.

Idan abin ya faru

Ki koya masa waɗannan, domin a daji shi ne likitan ogansa, ogan kuma shi ne nasa.

Wanda ya faɗo daga sama, kada a ɗaga shi zaune, kada a kama hannu da ƙafa a jefa shi cikin mota, kada a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya. In dole ne a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su mirgina shi lokaci ɗaya kan katako mai faɗi, kai da wuya da baya a miƙe. Ɗaukar gaggawa takan mayar da tsagewar ƙashin baya ta zama shanyewar ƙafafu ta har abada. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, in ya bugu a kai a sa masa ido kwana biyu. Amai, barci mai nauyi, ruɗewa, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamun a garzaya asibiti ne.

Jini kuma a danne shi da tsaftataccen ƙyalle da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Kada a zuba man birki, baƙin mai, fetur, toka ko ƙasa. Suna ƙona nama, suna jawo ruɓa, kuma sai mun wanke su duka kafin mu fara aiki, wankin da ya fi raunin zafi. Ƙunar igiya a sa ta ƙarƙashin ruwa mai tsabta na kamar minti 20, sannan a rufe. In yatsa ta guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai tsabta mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara, kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin. Ido in ya samu rauni a rufe shi ba tare da dannawa ba, kada a ciro abin da ya soke shi. Duk rauni na ƙarfe ko datti kuma yana buƙatar allurar tetanus, rigakafin ciwon nan mai sandarar da jiki.

Ki sa masa lambobi biyu a waya: 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da 112 ta kiran gaggawa.

Tambayoyin da za ki yi kafin ki ba da shi

A Ingila, mai neman zama direban babbar mota na haya yana da wani sashe na jarrabawa da ba a tuƙi ko kaɗan. Yana tsaye a gefen mota zai nuna wa mai jarrabawa abubuwa biyar, ciki har da yadda zai yi lodi ya ɗaure shi, kuma sai ya ci aƙalla 15 cikin 20 a kowanne, da 80 cikin 100 a jimilla. A nan gida muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, wadda ke tantance makarantun koyon tuƙi, muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya tun 1986. Amma gaskiyar magana, mafi yawan yaranmu a hannun oga suke koyon kome. Kenan zaɓen oga shi ne zaɓen makaranta.

Ba sai kin je tasha ba. Ki sa mahaifinsa ko kawunsa su bincika, ke kuma ki tambayi yaron idan ya dawo daga tafiya. Shin ogan yana zagaya motar da kansa ya duba ɗauri kafin a tashi, ko yana shan shayi yaro ya gama? Yana tsayawa a hanya don dubawa? Yana nuna masa ƙulli da hannu, ko zagi ne kawai idan ya kuskure? Yana sauya igiyar da ta tsufa? Yana ƙin lodin da ya wuce ƙima ko da mai kaya ya ƙara kuɗi? Yana sa shi kwana ko zama a saman kaya mota na tafiya? Yana ɗaukar fasinja a kan lodi? Yana ba shi ƙwaya wai don ya ji ƙarfin aiki? Amsar uku na ƙarshen nan in ta zama e, ki nema masa wani ogan. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Sannan ki ba shi igiyar shanya da turmi ko ƙafar gado, ki ce, "Nuna min ƙullin da aka koya maka." Ki ja da ƙarfinki ki gani ko zai zame, ki ce ya kwance ki ga ko zai nemi wuƙa. Zai yi dariya, amma zai gane cewa Umma ta ɗauki aikinsa da muhimmanci, kuma yaron da ya san za a tambaye shi a gida ya fi mayar da hankali a tasha. In ya ce miki ai kome ƙaddara ce, ki tuna masa abin da malamai suka sha faɗa mana, cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a yi tawakkali.

Ke da ƙananan yara a titi

Ki koya wa yara kada su tsaya kusa da motar da ake lodi ko sauke kaya, kada su bi ta ƙarƙashin tirela ko da a tsaye take, kada su ruga tsintar abin da ya zubo daga mota. In kina cikin adaidaita ko a kan babur, kika ga lodi ya karkata, ko igiya na lilo, ko kwantena ba a kulle ba, ki ce wa mai tuƙin, "Malam, don Allah ja baya, mu ba shi wuri." Musamman a kwana, a shataletale da hawan gada, kada ku jera da babbar mota. Kuɗinki kika biya, kina da bakin magana. Kuma duk tsadar mota, kada ki yarda wani naki ya yi tafiya a saman buhuna ko a kan katakon motar shanu. Mutum ba ya ɗauruwa, in motar ta kife shi ne farkon wanda za ta jefar, kayan kuma su biyo shi.

Matan direbobi da iyayen yaran mota da ke karanta wannan fili, kun fi mu sanin abin da ke faruwa a hanya. Ku rubuto mana a ƙasa yadda ake koyar da ɗaurin kaya a tashoshin garuruwanku, da sunayen da ake kiran waɗannan ƙulle-ƙulle, domin wata uwar ta ƙaru. Allah Ya tsare mana matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa albarka a neman da suke yi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.